Kwanan Watan da Aka Sa Safara'u Ta Gyara

Safara'u 'yar Ƙofar Kwaya ce. A shagon buga takardu na yayanta ta fara taɓa kwamfuta, ta yi digiri, ta dawo ta kama aiki a wani kamfani a GRA. Ita ta rubuta manhajar rabon takin zamani da za a nuna wa baƙi ranar Litinin, kuma wanda aka kira sunansa a taron nan shi zai zama shugaban sashe.

Umair, ɗan ƙanwar mai kamfanin, shi ma yana so. Ya san babu wanda zai karanta aikin, kwanan watan fayil kawai za a duba a ga wanda ya fara. Sai ya ƙirƙiri mahaɗi a jakarsa ta cikin kwamfuta, wato ɗan fayil marar komai a ciki wanda ke nuna inda nata yake, ya ba kwamfuta umarni ta mayar da kwanan watan mahaɗin bara. Ita kuwa kwamfuta, in ba ka hana ta ba, bin mahaɗi take ta taɓa ainihin fayil. Na Safara'u ya koma bara, kafin ma a ɗauke ta aiki. Nasa ya tsaya a jiya.

Ta kai wa Alhaji Yari, mai kamfanin, ƙara, ranta na tafasa. Bai ko sa tabarau ya duba ba. Nan ta gane da saninsa aka yi.

"Ɗiyata, mi ya yi zafi haka? Ki yi haƙuri, ai duk gida ne."

"Alhaji, gidan wa?"

"Ke dai ki gyara mai nashi ya dace da naki. An ce akwai yadda ake yi."

Akwai. Kalma guda ake ƙarawa, a ce wa kwamfuta kar ta bi mahaɗin, shi kansa za ta taɓa. Ta zauna a kujerar Umair ta yi, yana tsaye a kanta yana cin gyaɗa.

"Hajiya injiniya! Allah dai ya bar mana ke."

Ta koma teburinta ta sauya wa fayil ɗinta suna; mahaɗi kuwa tsohon sunan kawai ya sani.

Ranar Litinin Alhaji ya gabatar da Umair, aka tafa. Umair ya danna mahaɗinsa mai kwanan watan bara, kwamfuta ta ce babu wannan fayil. Ya sake dannawa. Alhaji ya waiwayo yana neman ta da ido.

Tana kujerar baya, hannuwanta cikin hijabi.

"A tambayi mai aikin mana, Alhaji," in ji ta.