Jan Zinari

Tun tana ƙarama, aikinta a shagon mahaifinta shara ne. Shi maƙerin zinari ne, kuma a shagonsa ba a zubar da shara. Autar Maƙeri, kamar yadda unguwa ke kiranta, takan tattara ƙurar ƙarƙashin tebur ta juye a wani tsohon gwangwanin madara. In ya cika, Baba ya ƙone ta, ya jiƙa tokar a ruwan asid, ya fitar da ɗan zinarin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Daga nan yatsunsa sukan yi tabo ja mai duhu, wanda sabulu ba ya iya masa komai.

Yarinyar akwai tafiya duniyar tunani. Da hantsi, in rana ta shigo ta taga, sai ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallon ƙurar da ke yawo cikin hasken, tana tambayar kanta ina zinarin da ya tsere yake sauka. A gashin masu saye? A girar Baba? Sai an daka mata tsawa take dawowa.

Yayyenta maza ba wanda ya zauna a shagon: ɗaya direba, ɗaya mai gyaran waya. Ita kuwa ta karanci gwaje-gwajen asibiti. Baba bai hana ba, amma abin ya ci masa rai. Yakan ce ya tara 'ya'ya ya rasa magaji, kuma duk sanda ya faɗa sai ta ji zafinsa har ƙirji.

A ɗakin gwaji, tsakanin firij mai gurnani da na'urar juya jini, halinta bai canja ba. Ranar da ta gane cewa jan layin nan da ke fitowa a ɗan tsinken gwajin jini zinari ne, ta yini ba ta san me ta ci ba. Zinari ne da aka mayar ƙananan ƙwayoyi, ƙanƙantar da ido ba ya gani, har ya bar launinsa ya koma ja. An shafe kowace ƙwaya da sinadarin da ke kama alamar cuta; in jini mai cutar ya ratsa takardar da ke cikin tsinken, sai su taru wuri guda su ja layi. Ta so ta gaya wa Baba, kunya ta hana ta. Wa zai koya wa maƙeri launin zinari?

Sai zazzaɓi ya kwantar da Baba, zazzaɓin ya ƙi tafiya. Tsohon nan kuwa taurin kai ne da shi: ya sha magungunan da maƙwabta suka kawo kala-kala, amma ya rantse ba mai tsaga masa yatsa. Yana ramewa a kan idonta, har zobensa ya fara faɗuwa. Tsoro ya kama ta sosai.

Wata safiya ta zo da tsinken gwaji cikin ɗan gidansa na roba, ta zauna a bakin gadonsa.

"Baba, ɗigo ɗaya kawai."

"Auta, kwashe robarki. Me roba ta sani?"

"Ba roba ce ke dubawa ba, Baba. Zinari ne a ciki. An niƙe shi har ya zama ja."

Ta zaci zai yi mata dariya. Sai ya ɗaga hannunsa yana kallon yatsun da suka sha tabo shekara da shekaru.

"Ja mai duhu?"

"Shi fa."

"To, wannan na san shi," in ji shi, ya miƙo yatsa.

Suka zuba wa takardar ido, kai da kai. Jinin ya hau a hankali, layin cuta ya fito, na tabbatar da gwajin ya biyo shi. Zazzaɓin cizon sauro ne, kuma a ranar ya yarda aka kai shi wurin likita.

Tana tattara kayanta ya riƙe mata hannu.

"Wannan tsinken ina za ki kai shi? Ba dai shara ba?"

"A'a, Baba. Tarawa muke yi a akwati, in ya cika a ƙone."

Tsohon ya lumshe ido, yana murmushi.

"A tara, a ƙone," ya ce. "Ashe tuntuni kin gaje ni, Auta, ban sani ba."