Tabkin da Aka Ce Kwaɗi Kawai Ke Ciki

Ku da kuka shigo aikin ruwa da dazuzzuka kwanan nan, ku saurara. Ranar da ta ƙi fita raina ita ce wadda shef ɗinmu, wato shugabanmu, ya kira ni buro, ofishinsa da ke Malbaza, lokacin ina da muƙamin ajidan, bayan kaka, ana tsakiyar aikin garka, wato lambun rani. Ya ce wani ɗan kasuwa daga Konni ya nemi a ba shi tabkin wani ƙauye da ke bakin hanya, zai cike shi da marmara ya yi wurin ajiye manyan motocin siminti.

"Ajidan Sani, je ka ƙiyasta abin da tabkin ke ba mutane. In ƙimar ta yi nauyi, kwamiti zai hana. In ba ta kai ba, sai a ba shi."

Ga yadda ake ƙiyasin. Akwai abin da ke da farashi a kasuwa: kifi, albasa, tubali, ciyawa. Akwai kuma wanda ba a sayarwa, kamar ruwan da ke tsattsafowa daga tabki zuwa rijiyoyi, da ambaliyar da yake shanyewa. Wannan sai ka tambayi abin da za a kashe in an rasa shi. Amma ƙa'ida ta ce masu amfani da wurin su faɗa da bakinsu. Ganin idon ma'aikaci shi kaɗai ba ya tsayawa gaban kwamiti.

Na isa da hantsi, na tarar da tabki wayam, ko akuya babu. To amma ni ba yaro ba ne. Ga sawun shanu a laka, ga kashinsu ɗanye, ga ramukan tubali, ƙaurin kifi kuwa har cikin hancina. Nan take raina ya ba ni cewa an riga ni zuwa.

Maigari Abdu ya shimfiɗa mini tabarma, aka tara jama'a. Na tambayi abin da suke samu.

"Ranka shi daɗe, mi za mu samu? Ruwa ne da kwaɗi," in ji shi.

"Shanun da suka sha ruwa ɗazu fa?"

"Na baƙi ne, sun wuce."

"Kifin da ake ƙyafewa?"

"Daga Konni munka sawo."

Kai! Wallahi raina ya ɓaci. Na dubi sabon babur da ke jingine a zaurensa, na ce a zuciyata ɗan kasuwa ya jiƙa masa hannu. Su kuma kakina suke kallo da alƙalamina. A wurinsu, ma'aikacin da ya zo ƙidayar arzikinka, lanho na biye da shi, wato haraji. Ga shi kuma mutumin karkara ba ya bayyana samunsa gaban taro, saboda baki.

Sai na fasa musu ƙwai. Na ce cike tabkin za a yi, maganarsu ce kaɗai za ta hana. Wani tsoho ya yi dariya, ya ce, "Dabara ta yi kyau, ajidan. Wa ka iya cike tabki?"

Mutum ɗaya ta matso, Inna Hajo, dattijuwa mai garkar albasa a bakin ruwan, da ita take ciyar da jikokinta marayu.

"Ɗana, ka rantse da Allah in na faɗa ba za a aza muna kuɗi ba."

Ni nake rubuta rahoto, amma ba ni nake da ikon inda zai je ba. Na ce, "Inna, ni dai ba haraji ya kawo ni ba. Abin da wani zai yi gobe kuwa, ba zan rantse a kansa ba."

Ta gyara mayafi, ta koma cikin mata.

Na sake komawa har sau biyu, amsar ba ta canza ba. Na rubuta duk abin da idona ya gani, na roƙi shef a jinkirta. Ya ce, "Masu wuri sun ce kwaɗi ne. Kai za ka fi su sanin tabkinsu?" Kwamiti ya sa hannu, motoci suka fara zuba marmara.

Da damina ta zo, ruwan da ya rasa mazauni ya shiga gidajen gangare. Da rani rijiyoyi suka ja baya, garake suka bushe. Maganar babur kuwa, har yau ban san gaskiyarta ba, kuma har yau ban daina zargi ba.

Bayan haka na haɗu da Inna Hajo a kasuwar Malbaza, tana tallar albasar wani. Ban tambaye ta komai ba. Ta riƙe hannun rigata, ta shiga lissafa mini: albasar da take cirewa, kifin da ɗan maƙwabcinta ke kamawa, tubalin da aka gina ɗakinta da shi, shanun da ke sha safe da yamma. Ba ta rage ko ɗaya ba, mutane na kallonmu.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Lissafin ƙimar tabki ba shi da wuya, kowa zai iya koya a lakwal, wato makaranta. Wahalar ita ce mutanen da za su faɗa maka sun daɗe suna ganin mai ƙidaya yana zuwa da mai karɓa. Ku je musu tun ba ku da abin tambaya, ku zauna, su san ku. Ni ranar da na fara taka ƙauyen, da tambaya na je, kuma amsar ba ta zo ba sai da motoci suka kwana a kan garkar Inna Hajo.