Malam Isyaku, Mai Kwanciya a Bayan A-kori-kura

Shekara da shekaru, idan aka idar da sallar asuba a Jakara, Malam Isyaku ba ya komawa barci. Sai ya share ƙofar gidansa, ya shimfiɗa tsohon kwali a ƙasa, ya jera sifanoni da jak, ya zauna yana shan koko har motar farko ta iso. Ba shi da gareji, ba shi da allon talla. Ɗan filin nan da ke tsakanin zaurensa da kwata shi ne wurin aikinsa tun kafin a haifi yawancin direbobin da ke kawo masa a-kori-kura. A wannan watan ya ajiye sifana, don bayansa ya daina yarda ya shiga ƙarƙashin mota.

Aikinsa shokazoba, ƙarfen nan da ke hana mota jijjiga idan ta faɗa rami. Mu kuwa mun raina ta ƙwarai. Tunda mota tana tashi tana tafiya, ai lafiyarta ƙalau. Mai a-kori-kura zai sayi fitila mai kala da hon mai kiɗa, ya bar bayan motarsa yana tsalle kamar ɗan akuya. Malam Isyaku bai taɓa yi wa kowa wa'azi kan haka ba. Sai dai yana da wata al'ada da ta sa ake masa dariya. In ya gama ɗaure sabuwa, ba ya tsayawa ga danna motar da hannu. Baya yake hawa, ya kwanta rigingine a kan ƙarfen, ya ce mai motar ya zaga da shi.

"Malam, asibiti za a kai ka, ko gidan surukai?" in ji direbobi.

"Ja mu je. Kai kana kan kujera, me ka sani? Na baya shi ke jin mota."

Salihu mai dakon kayan gwari yana cikin masu wannan tsokana, har ranar da mahaifiyarsa Nana Aisha ta zame a bakin rijiya, ƙashin ƙugunta ya karye. Mai ɗori ya duba ya ce abin ya fi ƙarfinsa, sai asibitin ƙashi. Tsohuwa ba ta iya zama, don haka adaidaita sahu ba zai yiwu ba, sai dai a kwance a bayan motar ɗanta. Ga shi ko matashi aka gyara mata sai ta yi ƙara, kuma tun da ta faɗi ba ta runtsa ba. Salihu ya san yadda bayan motarsa ke tsalle. Da sassafe ya kawo motar wurin Malam Isyaku, ido jajir.

Malam Isyaku bai tuna masa tsokanar baya ba. Ya ɗaga motar, ya tokare ta da kututture, ya zuba wa notinan da suka yi tsatsa baƙin mai, ya lallaɓa su har suka saki. Ya cire tsofaffin shokazoba, duk man cikinsu ya tsiyaye, ya ɗaura sababbi hagu da dama. Sannan ya hau baya ya kwanta. Da suka dawo daga zagaye sai ya sake jawo jak.

"Hagu tana ɗan bugawa. Robar sama ce."

"Malam, don Allah, Inna tana can tana nishi. Haka ma ya isa."

"Kai ya ishe ka, Salihu. Ba kai za a kwantar ba."

Ya kwance, ya sauya robar, ya ɗan rage iskar tayoyin baya, ya sa aka ɗora buhunan yashi don motar ta yi nauyi ta zauna. Ya sake kwanciya, wannan karon a gefen da za a shimfiɗa katifa. Sai bayan azahar ya yarda aka ɗauko tsohuwar.

Mero, ƙanwar Salihu, ita ta zauna kusa da tsohuwar, kuma daga bakinta unguwa ta ji sauran. Ta ce tana riƙe da hannun mahaifiyarta, tana jiran ihu a kowane rami. Shiru. Suka fita daga cikin gari, shiru. Sai da Salihu ya kashe mota a ƙofar asibiti Nana Aisha ta buɗe ido ta ce, "Mero, wai yaushe za mu tashi ne?"

Salihu ya kifa kansa a sitiyari ya yi ta kuka.

Kai ne, Malam Isyaku, ka ba tsohuwar nan barcin da ta rasa, kuma ba ka taɓa faɗa da bakinka ba. Kai ne ka sa bayanka ya sha wuya don na wasu ya huta. Muna ƙaunarka, mun gode, Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da alheri. Ku kuma masu sana'a, ko teloli ne ku ko magina, kafin ku ce kun gama, ku tuna da wanda zai yi amfani da abin alhali ba shi da bakin magana. Nana Aisha tana takawa yanzu da sandarta, kuma har yau ba ta yarda cewa a bayan motar ɗanta aka kai ta asibiti tana barci, sai an rantse mata.