Rigar da Aka Yanka Ba Awo

Na fi shekara ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron kada abin da zan rubuta ya zama gulma. Amma maganar ta ƙi barin zuciyata.

Mu biyu muka koyi ɗinkin kaftanin mata wajen wata tsohuwa 'yar Maroko a unguwar Cheetham Hill, nan ƙasar Turawa, ni da ƙawata da muka taso unguwa ɗaya a Kumasi. Hajiya muke ce wa tsohuwar. Da ƙuruciyarta ta yi aiki cikin masu ɗinkin gidan sarauta a ƙasarsu, kuma ba ta gajiya da labarin matar sarki. Ta ce a zamaninsu ba a ganinta a waje, kayanta sai an turara kafin a kai mata. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wai ba a ɗora mata tef ɗin awo. Mai ɗinki za ta tsaya gefe, matar ta wuce sau ɗaya, awo ya ƙare. Ban gani da idona ba, abin da ta faɗa nake faɗa.

Haka ta so mu koya. Ƙawata sai ta kalli mace tana cire takalmi a bakin ƙofa, ta ja almakashi. Ni kuwa na kasa. In na ɓata yadin mutane fa? Sai na riƙa ɓoye tef a hannun rigata, in raka mace waje in auna ta a tsaye.

Ran da Hajiya ta kama ni, ta ce da guntun Turancinta, "Ke da a fada kike, ɗinkin labule za a ba ki."

Ƙawata ta ce, "Ƙyale ta, Hajiya. Wannan ko gishirin miya sai ta ƙirga."

Na taya su dariya. A bas har unguwarmu Moss Side ina ta juya maganar a raina.

Da Hajiya za ta koma wajen ɗanta a Birmingham, sai ta tafi da ƙawata. Na riƙa jin amare suna zuwa musu har daga Landan. In ƙawata ta kira ni, sai in ce ina hanyar zuwa GP, wato likita. A hankali ta daina kira.

Shekara shida bayan haka, ana saura mako guda bikin 'yata, sai ga saƙo ta gidan waya: kaftani kore, yana ƙamshin turare. Ga 'yar takarda a ciki da rubutun ƙawata: "Yaya, na hango ki a Stockport Road kina bin bas da gudu. Kin ƙara jiki, uwar amarya!"

Na sa rigar. Ta zauna ɗas, har kafaɗata ta hagu da ta ɗan sauka an yi mata wuri. Maimakon in yi murna, sai na shimfiɗa ta a gado, na ɗauko tef, na bi ta gaba da baya ina neman kuskure. Ban samu ba. Na ninke ta na sa a ƙasan akwati, na yi biki da wata rigar, ko godiya ban aika ba.

Bara na kira lambarta, ba ta shiga. Na je Birmingham, shagonsu ya koma wurin aski. Duk wanda ya san mai ɗinki 'yar Kumasi da ba ta riƙe tef, don Allah ya sanar da ni inda take. Godiyar nan nake so in kai mata da bakina, sanye da rigar.