Balon Muttaƙa

Muttaƙa ɗan garin Waca ne, kuma tun yana saurayi ba a san shi da wata sana'a ba sai baki. Da Nasaran Faransa suka zo ɗibar soja lokacin yaƙin Jamus na biyu, maigari bai sha wahalar zaɓe ba. Ya miƙa shi, gari ya huta.

Can bakin teku aka kai shi. Aikinsa jan igiyar wata ƙatuwar aba mai kama da salka, wadda ake hura wa iska a sake ta sama don ta tare jiragen abokan gaba. Nasara na ce mata balo. Igiyar nan Muttaƙa ya riƙe har yaƙi ya ƙare, ko sau ɗaya bai harba bindiga ba. Amma da ya dawo da jar dara da tumbi, sai labari ya canza. Wai shi ke hawa balon, har yana hango Makka daga can. Kwamanda, Banasaren da ke mulkin Magariya, ya ɗauke shi gardi, wato dogarin Nasara, shi kuma ya naɗa wa kansa sarjan. Duk wanda ya kira shi da sunan yanka, bulala ce ladarsa.

Wata kaka aka tura shi Dantchiao. Yana zaune a kasuwa ana yi masa fifita, sai ga Hamman, wani Bafillace mai noma da kiwo, ya durƙusa.

"Sarjan, ranka ya daɗe, wata jar aba ta faɗo daga sama ta maƙale a gawon gonata. An ce kai ka san irinsu."

Muttaƙa ya so ya zame, amma idon kasuwa na kansa. Ya hau doki, jama'a na biye. Tun daga nesa ya ja linzami, ya hangi ja-ja tsakanin rassa, ya gyara murya.

"Na Jamus ne. Akwai soja a ciki, akwai wuta. Kada wanda ya sake taka gonar nan."

"Sarjan, gero ya nuna," in ji Hamman. "In ban girbe ba tsuntsu zai riga ni."

"Geronka ya fi ƙasar Faransa?"

Ya zuba wa Hamman bulala a gaban matarsa Fadi, sannan ya tura mahayi Magariya. Aka tarar kwamanda ya tafi rangadi. Muttaƙa ya kafa zama a gindin tsamiya, nesa da gawon yadda ya kamata, wai yana gadi. Kajin ƙauyen suka ƙare a cikinsa, Fadi na kawo masa nono tana haɗiye zagi. Tsuntsayen jan-baki kuwa suka sauka a gonar kamar an gayyace su, Hamman na tsaye a kan iyaka yana kallo.

Da kwamanda ya iso da babbar motar kamiyo cike da gardawa, shi da kansa ya ratsa karan da tsuntsu ya bari, ya sa sanda ya zaƙulo abar. Yagaggiyar roba ce, ba ta kai buzun salla ba, irin wadda Nasaran Damagaram ke saki don su ga inda iska ta nufa. Ya ɗaga ta, ya tambaya ta bakin tafinta:

"Ina Jamusawan?"

Muttaƙa ya ƙame, ya sara. "Mushe kwamanda, ƙila sun sauka a hanya."

Nan take aka tuɓe masa dara da kaki, ya koma Magariya a ƙasa. Hamman babu wanda ya ce masa ko sannu. Ya sayar da karsana ya ci da iyalinsa, da rani ya kora sauran shanun ya ƙetara wurin danginsa a ƙasar Ingilishi.

Tun daga nan, in ɗan kamasho ya cika alkawari da baki, ko mai neman aure ya zo da babbar riga ta aro, sai mata su taɓe baki su ce balon Muttaƙa ne.

Shi kuwa ko a jikinsa. Ya samu gadin wani sito na gyaɗa, ya tsufa a bakin ƙofarsa yana sara wa kowace mota. Mutanen gari sun daina zama kusa da shi, sai fataken Kano da ba su san shi ba. Su yake gaya wa yadda shi kaɗai ya kori Jamusawa daga Dantchiao.