Gayyar Maƙwabci Bayan Baftisma

Da damina aka yi wa ɗan farina baftisma a kududdufin bayan ƙauyenmu, kusa da Gafasa. Ya shiga ruwa manomi, ya fito ya fi ƙarfin noma. Kullum yana gindin darbejiya yana karanta Littafi Mai Tsarki da ƙarfi, don masu wucewa su ji.

A makon nan maƙwabcinmu Musulmi ya kwanta ciwo, ciyawa ta fara cinye masa gero. Shi ne bara ya turo 'ya'yansa suka nome mana gyaɗa. Aka kira gayya, samari duk suka tafi ban da nawa. Kunya ta hana ni leƙa gidansu.

Na ce wa ɗan nawa, "Ranka ya daɗe, ba za a je gonar ba?"

Ya ce, "Mama, addu'a nake masa."

Na ce, "Madalla. Sai dai ciyawar nan kurma ce, ba ta ji daga nesa. Je ka yi a kusa da ita."

Na ɗora masa fartanya a cinya. Ya tafi yana ƙunƙuni, ya isa an kusa gamawa, amma dai an gan shi. Da yamma na dama kunu, na shiga dubiya.