Hannun Hagu a Kasuwar Maradun

Jama'a, ku ji abin al'ajabi: yau an miƙo mini hannun hagu a tsakiyar kasuwa, ni tsohon hedimasta!

Wani magidanci mai furfura ne ya tare ni, ya ƙame, ya miƙo hagunsa. Mai goro ya daka masa tsawa: "Kai! Dattijo kake ba hagu? Ba ka da manya a gida?" Mutane suka fara taruwa. Mutumin bai janye ba.

Ya ce, "Malam, Bala ne, ɗan sikawut ɗinka na Bakura. Yanzu ni ke horar da yaran Damri."

Sai na tuna, da hagu 'yan sikawut, yaran nan masu ɗaura ƙyalle a wuya, ke gaisawa! Na cafke hannun, na dubi mai goro, na ce, "Sassauta, Alhaji. Wannan rashin kunyar, ni na koya masa."